Kasafin Lafiyar Ƙwaƙwalwa: Wa Ake Gani, Wa Aka Manta?

Duk shekara idan lokacin kasafin kuɗi ya zo, shugabanni kan hau mumbari su jera abubuwan da suka ce sun sa a gaba. To amma wanda yake son sanin abin da gwamnati ta damu da shi a zahiri, sai ya bar jawabin ya buɗe littafin kasafin, domin a nan ne ake gane abin da aka ɗauka da nauyi da wanda aka ambata don fita kunya. A yau ina so mu duba wani fanni da ba kasafai ake tsayawa a kansa ba, wato kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da hana mutane kashe kansu. Kowa ya san kuɗin da ake ware wa fannin ba su da yawa. Abin da ya fi damuna shi ne, ɗan abin da ake warewar ma ba ya zuwa inda masu ciwon suke.

Shekarun baya wani ɗalibina mai hazaƙa ya fara ɗauke ƙafa daga aji. Da na neme shi, sai ya ce mini kansa ne ke zafi, barci ya ƙaurace masa, kuma yana jin kamar wani abu na yawo a jikinsa. Sau uku yana zuwa wani ƙaramin asibiti a unguwarsu, sau ukun kuma maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifod aka ba shi. Da na ce ko zai ga likitan ƙwaƙwalwa, sai ya dube ni ya ce, "Malam, ai ni ba mahaukaci ba ne." Gaskiya ya faɗa, ba mahaukaci ba ne, ciwon damuwa ne yake cin sa. Bayan Allah Ya ba shi lafiya ne ya shaida mini cewa a waɗancan watanni ya sha tunanin rabuwa da duniya. Amsar da ya ba ni a ranar farko ita ce ta tsaya mini a rai, domin a cikinta na ga tushen matsalar.

Sana'ata nazarin harshe ce, saboda haka bari in fara daga kalma. A bakin Bahaushe, da an ambaci ciwon ƙwaƙwalwa, hoton da ke zuwa shi ne na mutumin da ke yawo a bola da tsummokara, yara na bin sa da jifa. Shi ne mahaukaci, wurinsa kuma gidan mahaukata. Shi ya sa idan mutum ya yi abin da ba a gane ba, Bakano kan ce a kai shi Dawanau, Basakkwace ya ce a kai shi Kware. Amma wanda ya yi shiru, ya daina cin abinci, ya daina fita, ya ga rayuwa ba ta da sauran amfani, ba mu ba shi suna a cikin marasa lafiya ba. Sai mu ce yana da zurfin ciki, ko ya cika tunani, ko ba shi da tawakkali, ko kuma an yi masa sammu. Abin da ba shi da suna a bakin jama'a kuwa, da wuya ya samu layi a littafin kasafi.

Dokar ƙasa ma a kan wannan hoto aka gina ta. Turawan mulkin mallaka sun kafa dokar mahaukata a 1916, aka sake mata fasali a 1958, kuma da ita Nijeriya ta ci gaba da aiki fiye da shekara 60 bayan samun 'yancin kai. Manufarta ita ce a tsare wanda ake ganin zai cutar da jama'a, ba ruwanta da haƙƙinsa ko warkewarsa. Kuɗi kuma sai suka bi sawun doka. Wani rahoto da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya a 2006 ya nuna cewa kashi 3 da 'yan kai cikin 100 na kasafin lafiya na tarayya ne ke zuwa fannin ƙwaƙwalwa, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na wannan ɗan kaso manyan asibitocin ƙwaƙwalwa ne ke cinye shi. Waɗannan asibitoci su ne irin su Aro a Abekuta, Yaba a Legas, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da 'yan kaɗan ire-irensu. Ke nan an tanadi kuɗin ne domin wanda ciwonsa ya kai a ɗaure shi a kawo shi birni. Irin su ɗalibina ba su cikin lissafi.

Alhali kuwa irin su ɗalibina su ne mafiya yawa. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, fiye da mutum 720,000 ne ke kashe kansu duk shekara a faɗin duniya, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na wannan adadi a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ne. A 2021 kisan kai irin wannan shi ne na uku a jerin abubuwan da suka fi kashe matasa 'yan shekara 15 zuwa 29. Wanda ke ganin wannan cutar Turawa ce, sai ya sake tunani. A nan gida, binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a farkon shekarun 2000 ya gano cewa wajen mutum ɗaya ne cikin goma na masu fama da ciwon ƙwaƙwalwa ke samun wani magani. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa kuwa ta sha bayyana cewa ƙwararrun likitocin fannin da suka rage a ƙasar ba su kai 300 ba, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, kuma kullum raguwa suke yi saboda ƙaura zuwa Ingila da Kanada da Saudiyya.

Idan muka waiwayo Arewa, nauyin ya fi haka. Tun 2009 rikicin Boko Haram ya raba fiye da mutum miliyan 2 da gidajensu. A Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna akwai dubban mata da suka ga an kashe mazajensu a gabansu, da yaran da suka yi watanni a hannun 'yan bindiga, da magidantan da suka sayar da gona da shanu suka biya kuɗin fansa, suka wayi gari ba su da ko na cefane. Binciken shan miyagun ƙwayoyi na 2018, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tallafa aka yi, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, kuma mu da muke zaune a garuruwan nan mun san abin da kodin da tiramadol suka yi wa samari da matan aure. Sannan ga tsadar rayuwa da ta biyo bayan cire tallafin mai a 2023, inda hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Wannan duk kaya ne da zuciya ke ɗauka, kuma zuciya ma tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka.

Adalci ne a faɗi cewa an ɗan motsa. A watan Janairun 2023 aka sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Dokar ta amince da haƙƙin mara lafiya, ta tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya, ta kuma tanadi asusun lafiyar ƙwaƙwalwa. A wannan shekarar aka fito da tsarin ƙasa na hana kisan kai na 2023 zuwa 2030. Sai dai doka ba ta sayen magani, takarda kuma ba ta biyan albashi. Ghana ta riga mu yin irin wannan doka tun 2012, da hukuma da asusu, amma aka kwashe shekaru hukumar na kukan cewa asusun ba shi da tabbatacciyar hanyar samun kuɗi. Mu ma mun san halinmu. A Abuja aka taru a 2001, shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, amma kason lafiya a kasafin tarayya yawanci tsakanin kashi 4 ne zuwa 6. Tunda tukunyar ƙarama ce, dole a yi hattara da inda za a fara zuba abin da ke cikinta. Ga yadda nake ganin ya kamata a jera.

Na farko, a kai kuɗin ƙananan asibitocin da ke kusa da jama'a. Nijeriya na da cibiyoyin lafiya matakin farko kusan 30,000, kuma tun 1991 aka ayyana lafiyar ƙwaƙwalwa a matsayin ɗaya daga cikin ayyukansu, sai dai a takarda abin ya tsaya. Ko yau aka ninka yawan likitocin ƙwaƙwalwa sau goma, ba za su isa ƙauyukan Jigawa da Yobe ba. Wanda ke can shi ne malamin asibiti da ungozoma da ma'aikacin lafiyar al'umma. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin horar da irin waɗannan ma'aikata su gane ciwon damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali, su ba da magani na farko, su san wanda ya kamata a tura gaba. An gwada tsarin a Nijeriya, a jihohi irin su Oshun da Binuwai, an kuma ga yana yiwuwa. Abin da ya rage shi ne kuɗin horo, da kuɗin man motar ƙwararren da zai riƙa zagayawa yana duba aikinsu, domin horon kwana biyar a otal ba tare da bibiya ba asarar kuɗi ne.

Wannan tunani ma ba baƙo ba ne a wurinmu. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, inda marasa lafiya ke zama a gidajen ƙauyukan da ke kewaye tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana, har ma ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Duniya ta yaba, shi kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, suna taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya, kuma binciken da aka buga a 2016 ya tabbatar da cewa hanyar na rage ciwon ƙwarai. Abin da ya burge ni a matsayina na ɗalibin harshe shi ne, ba su ce wa mutane suna da taɓin hankali ba. Sun yi amfani da kalmar harshen Shona da ke nufin yawan tunani, wadda kowa ya sani kuma ba mai jin kunyarta. Bahaushe ma haka yake faɗar ciwonsa: zuciyata ta ƙuntata, gabana na faɗuwa, duniya ta yi mini zafi, na gaji da rayuwa. Ma'aikacin da aka horar da Turanci zalla, ba a koya masa sauraron waɗannan maganganu ba, maganin taifod zai ci gaba da rubutawa. Don haka a cikin kuɗin horo a ware na tsara littattafan aiki da Hausa da Fulfulde da Kanuri, likitoci da masana harshe su zauna tare su yi.

Na biyu, magani. Yawancin magungunan farko na ciwon damuwa da taɓin hankali tsofaffi ne, masu araha, suna cikin jerin muhimman magunguna na ƙasa. Matsalar ita ce ba a samun su a ƙaramin asibiti, kuma ciwon na buƙatar watanni ana sha ba yankewa. Magidancin da zai biya kuɗin mota daga ƙauyen Zamfara zuwa Kware duk wata, shi da mai rakiya, sau biyu zai je ya haƙura. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, sannan dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ta kuma tanadi asusu domin masu rauni. Ta waɗannan hanyoyi biyu ya kamata a tabbatar magungunan sun isa kowace mazaɓa, a kuma riƙa buga wa jama'a nawa aka saya da inda aka kai.

Na uku, gyaran da kusan ba ya cin ko kwabo: a daina ɗaukar wanda ya yi yunƙurin kashe kansa a matsayin mai laifi. Sashe na 231 na Final Kod da jihohin Arewa suka gada, da sashe na 327 na kundin laifuka na Kudu, sun tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin bai mutu ba. Sakamakon haka iyali kan ɓoye, a ƙi zuwa asibiti don gudun 'yan sanda, idan an je ma a ce tsautsayi ne. Alhali masana sun tabbatar da cewa wanda ya taɓa yunƙuri shi ya fi kowa zama cikin haɗarin sakewa, wato mutumin da ya fi buƙatar likita shi doka ke kora daga wurin likita. Indiya ta sauya hanya a 2017, majalisun Ghana da Malesiya suka soke irin wannan hukunci a 2023, babbar kotun Kenya ta rushe shi a Janairun 2025. Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti a kan batun a 2024, ta ɗibar wa kanta wa'adin Disamban 2025. To amma dokokin laifuka a hannun jihohi suke, saboda haka duk abin da Abuja ta yi, sai majalisun dokokin jihohinmu sun yi nasu.

Na san wani zai ce ai kashe kai haramun ne, soke hukuncin kamar halatta shi ne. Haramcinsa ba abin jayayya ba ne, a Musulunci da Kiristanci duka, kuma wannan imani garkuwa ce da ta tsare rayuka masu yawa. Amma tambayar da ke gaban hukuma ita ce, wace hanya ce ta fi kare ran da ya saura? Malaman fiƙihu sun jera kare rai da kare hankali cikin manyan manufofi biyar na shari'a. Mutumin da ciwo ya rufe wa ido har ya daina ganin mafita, kurkuku ba zai buɗe masa ido ba. Limamai da fastoci su ne ma mutanen farko da mai damuwa ke zuwa wurinsu, don haka ya dace a ware kuɗin wayar musu da kai, su haɗa nasiha da addu'a da cewa "tashi mu je asibiti."

Na huɗu, a sa ido a kan magungunan ƙwari masu tsananin guba. Bincike ya nuna cewa sau da yawa yunƙurin kashe kai na zuwa ne cikin ɗan lokaci na matsanancin ƙunci, kuma idan abin da zai kashe mutum bai kusa da hannunsa, ƙuncin kan wuce ya bar shi da rai. Ƙasar Siri Lanka tana cikin waɗanda suka fi kowa yawan kisan kai a 1995. Da ta bi mafiya haɗarin magungunan feshi ta haramta su kashi-kashi, adadin ya faɗi da kusan kashi 70 cikin 100 a cikin shekara 20, masana suka ƙiyasta an ceci rai 93,000, kuma amfanin gona bai ragu ba. Mu ƙasar noma ce, irin waɗannan magunguna suna cikin ɗakunanmu da rumbunanmu. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wani sanannen maganin ƙwari a kasuwanni, amma hani ba ya aiki sai da ma'aikatan da za su shiga kasuwa, da malaman gona da za su nuna wa manomi madadin da ba shi da haɗari. Wannan kuɗi a kasafin ma'aikatar gona zai fito, amma rai zai ceta.

Na biyar, ƙididdiga da layin neman agaji. Yawancin mace-macenmu a gida suke faruwa, a yi jana'iza kafin la'asar, ba mai rubuta dalili. Gwamnatin da ba ta ƙirga abu ba za ta iya cewa babu shi. A fara da abu mai sauƙi: kowane babban asibiti ya riƙa rubuta adadin waɗanda aka kawo bayan yunƙuri, ba tare da suna ba, a kuma bi kowannensu da waya ko ziyara bayan an sallame shi. Sannan a samar da lambar waya kyauta, dare da rana, wadda mai kira zai samu wanda zai amsa masa da harshensa. Gidajen rediyonmu da masu shirya finafinai su ma a zauna da su, domin yadda ake ba da labarin kisan kai, da bayyana hanyar da aka bi dalla-dalla, yana iya jan wani mai rauni ya kwaikwaya.

Akwai masu cewa ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke kashe yara, mata ke mutuwa wurin haihuwa, ba ta da sararin wannan magana. Hujja ce mai nauyi, amma ta manta cewa jiki da zuciya ba a raba su. Uwar da ciwon damuwa ya kama bayan haihuwa ba ta iya shayarwa yadda ya kamata, ba ta kai yaro rigakafi. Mai tarin fuka ko ciwon suga da ya yanke ƙauna yakan daina shan magani. Wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a 2016 ya ƙiyasta cewa duk dala 1 da aka kashe wajen maganin ciwon damuwa da fargaba tana dawo da dala 4 ta fuskar lafiya da aiki. Haka kuma ba ina cewa a rage wa Barnawa ko Kware ko Maiduguri ba ne. Su ma a takure suke, kuma su ne za su horar da na ƙasa su karɓi masu tsananin ciwo. Abin da nake cewa shi ne duk sabon kuɗin da za a ƙara, a fara da na ƙasa. Mun san dalilin da ya sa ɗan siyasa ya fi son gini: gini ana yanka masa kintinkiri, ana ba da kwangilarsa, ana ɗaukar hotonsa. Horar da ungozoma ba ya fitowa a talabijin.

Idan kuma aka bar gurbin a buɗe, wani zai cike shi. Mai karatu bai manta da watan Satumban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, sannan aka gano wasu gidajen a Katsina da wasu garuruwa. An yi ta Allah wadai, kuma ya dace a yi. Amma iyayen da suka kai 'ya'yansu can, da yawansu sun rasa inda za su kai su ne. An rufe gidajen, to ina aka buɗe musu?

Saboda haka kirana ga gwamnonin Arewa da 'yan majalisun jihohi ne kafin kowa, tunda ƙananan asibitoci da dokokin laifuka a hannunsu suke. Kowace jiha ta amince da dokar 2023 a matakinta, ta buɗe wa lafiyar ƙwaƙwalwa layi mai sunansa a kasafi, ta kuma faɗi a ƙarshen shekara nawa aka saki daga ciki. Mu kuma da Allah Ya ba ilimi da muƙami, likitoci da lauyoyi da malamai da 'yan jarida, idan an kira taron jin ra'ayin jama'a a kan kasafi mu je, mu yi tambaya ɗaya: nawa aka ware wa mai ciwon da bai fita bola ba? Sannan mu gyara bakinmu a gida, domin yaron da ya ji ubansa na kiran duk mai zuwa Dawanau mahaukaci, ranar da tasa zuciyar ta yi nauyi ba zai faɗa ba. Ɗalibina ya tsira ne saboda an yi dace wani ya tambaye shi, kuma akwai kuɗin motar kai shi wurin likita. Bai kamata ran ɗan talaka ya dogara ga dace ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu.